Wa Ke Amsa Sunan Tsuntsuwa?

Shafi na 23

Masu turo min saƙo wai na yi shiru, ku yi haƙuri. Wannan shafin ne ya ƙi rubutuwa. Yau dai na daure.

Ranar da labarin ya iso wa Umma, tana ɗakin guga na otal ɗin da take aiki. Ta shimfiɗa zanin gado a kan tebur, tururi ya cika mata fuska, sai abokiyar aikinta Uwar Zance ta leƙo.

"Kin yi baƙuwa a ƙofar baya. Wata 'yar boko ce, tabarau kamar gindin kwalba."

Umma ta tsayar da dutsen guga.

Ta wannan ƙofar aka kawo mata rasuwar babbar 'yarta, wadda take kira Tsuntsuwa, watannin baya. Su ma masu kawo labarin 'yan jami'a ne. Sun ce an kai ɗalibai madatsar ruwa su ɗebo ruwan gwaji, ƙafarta ta zame a kan siminti mai gansakuka, ba a same ta ba sai washegari. Tun daga ranar, in aka ce wa Umma ana nemanta a ƙofar baya, sai ta dafa tebur kafin ta iya ɗaga ƙafa.

Ta fita. Mai Tabarau ce, ƙawar Tsuntsuwa da suke zama benci ɗaya. Tana tsaye kusa da kwandunan wanki, ta rungume jakarta a ƙirji.

"Umma, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya karatu?"

Yarinyar ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Umma, ana amsa sunanta."

"Sunan wa?"

"Sunan ƙawata. A aji."

Umma ta matso kusa da ita.

"Akwai wani darasi da ake haɗa mu da 'yan sassa da yawa a babban ɗaki. Sashenmu sun san ta rasu. Amma malamin daga wani sashe yake, ba wanda ya kai masa labari. Shi kuma halinsa ke nan, ya tsinci suna ya jefa tambaya. Mai Kamu muke ce masa. Ran nan ya kira sunanta. Na buɗe baki zan ce ta rasu, sai na ji an ce na'am."

"Wa ya ce?"

"Daga can ƙasa. Da muryarta, Umma. Kuma ta ba da amsar daidai."

Uwar Zance da ke laɓe a bakin ƙofa ta fito.

"Ke yarinya, kin karya kuwa yau? Yunwa ma tana sa mutum ya ji muryoyi. Ni ran nan injin wanki na ji yana kiran sunana."

"Ba sau ɗaya ba ne, Inna. Wallahi ba sau ɗaya ba ne. Na daina barci."

Umma ta ce, "Kin ga fuskarta?"

"Ɗakin nan in kina sama, na ƙasa kamar tururuwa suke. Kafin in ratsa mutane an watse. Ƙofofin suna da yawa."

"Yaushe ne darasin?"

"Gobe da safe."

"Ki jira ni a bakin ƙofar makarantar."

Uwar Zance ta riƙo hannunta.

"Ke da kika rantse ba za ki taka wurin nan ba?"

Umma ta zare hannunta ta koma wajen guga.

Da yamma ta tarar da Auta, ƙaramar 'yarta, tana wanke kwanuka a tsakar gida. Ita kaɗai ta rage mata, babansu ya rasu tun Auta tana goye. Auta ma ta ci jarrabawar shiga wannan babbar jami'ar, sakamakon ya fito ana tsakiyar zaman makoki. Umma ta ce ba za ta ba su ta biyu ba. Ta kai ta kantin magani na bakin titi ta koyi aiki.

"Sannu da zuwa, Umma."

"Yawwa. Ya kantin?"

"Lafiya lau."

"Mai kantin bai yi miki faɗa yau ba?"

"A'a."

Umma ba ta gaya mata komai ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. A ƙarƙashin gadon akwai akwatin kayan Tsuntsuwa da aka kawo daga makaranta, wanda har yau ba ta iya buɗewa ba. Diddigenta ya taɓa shi, ta janye ƙafar.

A kan wannan gadon suka yi gardamar makaranta, ita da Tsuntsuwa. Umma ƙaramar kwalejin da ke bayan layinsu take so, inda in ta tsaya a ƙofar gida za ta hango rufin. Tsuntsuwa ta zauna ta naɗe ƙafa tana lissafa mata abin da ke babbar: ɗakin karatu mai hawa-hawa, ɗakunan gwaji, tafiye-tafiye, baƙin malamai masu zuwa su yi jawabi kowa ya shiga ya ji.

"Umma, ƙaramar ƙofa ɗaya gare ta. Babbar kuwa, duk inda kika juya ƙofa ce."

"Wurin da mutane suka yi yawa haka, wa zai san ke ce ke?"

"Zan sa su sani."

Kuma ta yi. Ba ƙungiyar da ba ta leƙa ba. Tafiyar madatsar ruwan ma ba ta 'yan ajinsu ba ce, roƙo ta yi aka sa ta.

Washegari Auta ta riga ta fita, kamar kullum. Umma ta shiga motar haya har ƙofar jami'ar.

Ba ta taɓa zaton haka wurin yake ba. Gari ne guda. Tituna, bishiyoyi, gine-gine masu kama da juna, yara suna ta sauri ba mai kallon wani. Mai Tabarau ta riƙe mata hannu kamar ita ce babba.

"Nan ne ɗakin karatu. Can take zama, kusa da taga."

"Kar ki nuna min."

"To, Umma."

Suka shiga ta ƙofar sama. Umma ta tsaya cak. Benci-benci ne jere, suna gangarawa kamar matakala har can ƙasa, duk cike da kawuna. Fankoki na juyawa, hayaniya kamar tasha. Wani saurayi ya matsa mata.

"Bismillah, Mama. Sabuwar ɗaliba ce? Ki zauna a bayana, Mai Kamu ba ya hango nan."

Na kusa da shi suka yi dariya. Umma ta zauna.

Malamin ya shigo, ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura, ya ɗauki makirfo. Hayaniyar ta mutu. Ya yi ta magana a kan ruwa da gishiri da abubuwan da Umma ba ta gane ba. Ya kira wani, ya miƙe yana in'ina, aka yi masa dariya. Ya kira wata, aka ce ba ta zo ba.

Umma ta fara cewa a ranta yarinyar nan baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Sai ya kira.

Sunan da aka raɗa mata, da sunan ubanta, ya fito ta lasifika ya cika ɗakin. Tun ranar da aka binne ta Umma ba ta ji an faɗe shi ba. Mai Tabarau ta damƙe mata cinya.

"Na'am."

Can ƙasa, kusa da bango, wata ta miƙe. Bayanta kawai ake gani. Farar rigar gwaji ce a jikinta, kuma a kafaɗar dama akwai tabon ƙuna mai siffar bakin dutsen guga. Umma ta san tabon. Ita ta yi shi da hannunta, ranar da Tsuntsuwa ke tsaye a kanta tana cewa ta yi sauri mota za ta wuce.

Muryar ta fara ba da amsa. Irin saurin nan, irin haɗiye ƙarshen magana.

Umma ba ta san ta miƙe ba. Ta dai ji ƙafafunta suna sauka matakala, tana dafa kafaɗun mutanen da ba ta sani ba.

"Mama, a hankali!"

"Wace ce wannan?"

"Tsuntsuwa!"

Ɗakin ya yi tsit. Mai farar rigar ta daina magana. Ba ta juyo ba.

"Tsuntsuwa, juyo in gan ki. Ko mene ne ke, juyo. Ba na tsoro."

A hankali ta juyo.

Auta ce.

Umma ta zauna a kan matakalar, a nan inda take. Abin da ya fi yi mata ciwo, wanda ba ta gaya wa kowa ba, shi ne kafin yarinyar ta juyo ta riga ta yarda. Har ta fara tunanin abin da za ta dafa mata.

Malamin ya ajiye makirfo.

"Darasi ya ƙare. Baiwar Allah, ke da ke, ku biyo ni."

Ofishinsa ɗan ƙarami ne, littattafai har kan kujeru. Ya kwashe na kan ɗaya ya ba Umma. Auta ta tsaya a jikin ƙofa, kanta a ƙasa.

Umma ce ta fara.

"Kantin maganin ke nan?"

Auta ta ƙara sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Nan ne kantin?"

"Da rana nake zuwa kantin, Umma. Na roƙi mai kantin ya bar min safiya."

"Kin buɗe akwatin."

"Rigar kawai na ɗauka."

"Cire ta."

"Umma..."

"Cire min rigar 'yata!"

Auta ta cire, ta ninke ta yadda Umma ta koya musu, hannu ciki, wuya sama. Ta miƙa. Umma ta karɓa ta ɗora a cinya, ta kasa kallonta.

Malamin ya ce, "Ku tsaya in fahimta. Mai sunan tana ina?"

Umma ta ɗago.

"Tana kabari, Malam. Ku kuka kai ta ruwa."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Ita ce yarinyar madatsar ruwa? Na ji labarin. Ban san tana ajina ba."

"Na sani. Na gaya mata tun farko, ba wanda zai san ita ce ita."

"Allah ya jiƙanta." Ya juya wajen Auta. "Ke kuma me ya kai ki?"

Auta ta share ido da bayan hannu.

"Ba karatu na zo yi ba da farko. Zuwa na yi in ga inda Yaya take zama. Umma ba ta bari a ambace ta a gida. Na ce bari in zauna a ɗakin da ta zauna, in tashi in tafi. Sai ka kira sunanta."

"Sai me?"

"Sai aka yi shiru. Ka sake kira. Wani a bayana ya ce, wannan ta gudu soyayya. Aka yi dariya. Ka ɗaga biro ka ce in ba ta nan za ka soke ta." Ta sake share ido. "Ban san lokacin da na ce na'am ba."

"Amsar fa? Wa ya gaya miki?"

"Yaya. Duk abin da aka koya musu, in ta dawo sai ta maimaita min muna ninke kaya. Ta ce in ta faɗa wa wani ya fi zama mata."

Umma ta tuna. Su biyu a tsakar gida, kowa riƙe da bakin zanin gado, suna matsowa suna ja da baya, babbar na zuba kamar rediyo. Ita a lokacin cewa take su rage surutu.

"Daga nan kika ci gaba," in ji Malamin.

"Na ce sau ɗaya ne. Sai na ga ɗakin karatu ba a tambayar kowa. Na shiga. Na ga ana jawabi da rana, na shiga. Duk wuraren da take faɗa min, suna nan yadda ta ce. Umma, akwai wani gilashi da ake duba ɗigon ruwa, ki ga abubuwa suna yawo a ciki da rai..."

"Rufe min baki. Ruwan ne ya ci yayarki."

"Zamewa ta yi, Umma. Ba makaranta ce ta ture ta ba."

Umma ta miƙe da hannu a sama. Auta ba ta kauce ba. Hannun ya tsaya, ya sauko da kansa.

Malamin ya yi gyaran murya.

"Akwai abin da ya fi wannan. Gwajin da na yi makon jiya, kin rubuta?"

"Na rubuta."

"Da sunanta?"

"E."

Ya rufe ido.

"Ke kika fi kowa. Har na ba da misali da takardar a gaban abokan aikina. Ashe mamaciya nake yabo." Ya girgiza kai. "'Yata, wannan ba ƙaramin laifi ba ne a nan. Rubuta gwaji da sunan wani. Kuma an yi a gaban aji duka, ba zan iya rufewa ba."

"Ni ma na ci jarrabawar shiga, Malam. An ba ni gurbi. Ban zo ba ne."

"Bana?"

"E."

"To saurara. Kwamitin ladabtarwa yana zama gobe da safe. Zan kai maganar da kaina, zan faɗi abin da na gani, da mai kyau da marar kyau. In kin zo kin tsaya kin yi bayani, wataƙila su hukunta ki su bar miki gurbinki. Wataƙila kuma su ƙi, ban yi miki alkawari ba. In ba ki zo ba, za su yanke ba ke, kuma ba za ki sake shiga makarantar nan ba har abada."

Umma ta ce, "Madalla. Haka nake so."

"Umma!"

"Ba za ta zo ba, Malam. Ku yanke."

"Baiwar Allah, ki yi tunani."

"Na yi. Na ba ku ɗaya mai tafiya da ƙafarta, kuka maido min da akwati. Auta, wuce mu tafi."

Suka shiga mota. Umma ta rungume rigar. Warin turaren Tsuntsuwa ya tafi daga jikinta, na Auta ne a wurin yanzu.

Da suka isa gida, kafin rana ta faɗi, Auta ta durƙusa a gabanta.

"Umma, ba zan je ba sai kin ce in je."

"To kin zauna ke nan."

"Na yarda. Amma in tambaye ki abu ɗaya?"

Umma ta kawar da kai.

"Da kika ji na'am ɗin nan, ba ki ji daɗi ba? Ko kaɗan?"

"Tashi daga gabana."

"Ni duk ranar da na faɗa, sai in ji kamar tana benci ɗaya da ni. A gidan nan ba ta nan, Umma. Kin kulle ta a ƙarƙashin gado. A can ne kawai nake samun ta."

"Can ɗin ne za su kashe min ke."

"A kantin ma ana mutuwa. Baba a kan gadonsa ya rasu."

"Na ce ki tashi!"

Ta tashi. Ranar ba a ɗora tukunya ba.

Akwai wani abu da Umma take yi kullum da safe, tun kafin rasuwar, kuma ba ta daina ba. Takalmin makarantar Tsuntsuwa, baƙi mai igiya, yana bayan ƙyauren ɗaki, don ranar tafiyar na roba ta sa. Kullum Umma sai ta ɗauko shi ta goge da tsumma, ta ajiye a bakin ƙofar fita, hancinsa na kallon titi. In ta dawo aiki ta mayar da shi. Auta tana gani, ba ta taɓa tambaya ba.

Washegari da safe ma ta ɗauko. Ta zauna a kan 'yar kujera ta goge na dama, ta goge na hagu, ta hura ƙurar da ba ta nan. Ta ajiye su a wurinsu.

Sai ta ga ƙafafu a gefenta. Auta ce, ta yi wanka ta shirya, ba jaka, ba takalmi, ta tsaya kawai. Yatsun ƙafarta irin na yayarta ne sak, na biyun ya fi babban tsawo.

Daga bakin titi motar farko mai zuwa jami'a ta yi oda.

"Umma."

Umma ta ci gaba da murza tsumman a hannunta.

Motar ta sake yin oda.

"Umma, ba komai. Zan wuce kanti."

Ta juya za ta ɗauko silifas ɗinta.

Umma ba ta ɗago kai ba.

"Na hagun yana matsa mata a ɗan yatsa," in ji ta. "Ki tura auduga."